Jabun kwamfutocin hannu: Yadda ake gane su da dabarun masu sayar da su

Tun daga shekara ta 2010, lokacin da kamfanin Apple na Amurka ya fitar da iPad, shi kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya biyo baya da Galaxy Tab, kwamfutar hannu mai siffar allo, wadda aka fi sani da tablet, ta shiga jerin kayan lantarkin da masu jabu suka sa a gaba.

Wani rahoto da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a shekara ta 2017 ya ƙiyasta cewa jabun kayan sadarwa sun kai kashi 6.5 cikin ɗari na cinikin irin waɗannan kayayyaki a duniya a shekara ta 2013, abin da kuɗinsa ya tasamma dala biliyan 143. Rahoton ya ce kusan ɗaya daga cikin kowace wayar salula biyar da aka tsallaka da su iyaka jabu ce.

Haɗarin ya fi yawa ne idan mutum zai sayi na'urar daga hannun wani mutum shi kaɗai, wanda ba shi da shago, ba ya ba da rasit, kuma da wuya a sake ganinsa bayan an rabu.

Daga ina jabun ke fitowa?

Akasarinsu daga birnin Shenzhen da kewayensa, a kudancin ƙasar Sin, inda babbar kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei take. A can ana sayar da kowane ɓangare na kwamfutar hannu daban-daban, daga fuska da batir zuwa murfin baya da kwali, ta yadda ƙaramar masana'anta za ta iya sayo su ta harhaɗa. Sinawa na kiran irin waɗannan kaya shanzhai, kalmar da asalinta ke nufin sansanin 'yan fashi a kan dutse, inda hannun hukuma ba ya kaiwa.

Sai dai ba kowace kwamfutar hannu mai araha ba ce jabu. Akwai ɗimbin ƙananan kamfanoni da ke ƙera tasu da sunansu, suna faɗin ainihin abin da ke cikinta, kuma tana aiki daidai kuɗinta. Jabu ita ce wadda ke ƙarya a kan kanta: ko dai ta ari sunan wani kamfani, ko ta yi iƙirarin ƙarfin da ba ta da shi. Akwai kuma ta gaske wadda aka sato, ko aka gyara aka sayar a matsayin sabuwa, wadda ita ma asarar da take jawowa ba ta gaza ta jabun ba.

Kwaikwayon bai tsaya kan na'urar ba. A shekara ta 2011 hukumomi a birnin Kunming na ƙasar Sin sun gano shaguna 22 da ke amfani da suna da tambarin Apple ba da izini ba, bayan da aka bankaɗo wani shago da aka kwaikwayi fasalin shagunan kamfanin har da rigunan ma'aikata.

Kwali da lamba

Masu saye da dama na samun natsuwa da zarar sun ga kwali a naɗe cikin leda. To amma injin naɗe kwali ba shi da tsada, kuma ana sayar da kwalayen da babu komai a cikinsu. A farkon shekara ta 2012 an ba da rahoton yadda wasu mutane a birnin Vancouver na Kanada suka sayi iPad 2 a manyan shaguna, da suka buɗe sai suka tarar da curin yumɓu. Wasu ne suka sayi na'urorin tun da farko, suka cire su, suka zuba yumɓun da nauyinsa ya yi daidai, suka sake naɗe kwalayen suka mayar aka ba su kuɗinsu.

Abin da ya fi kwali amfani shi ne lambar shaida da kamfani ke bai wa kowace na'ura. Ana samunta a jikin kwali, da cikin sashen bayanan na'urar, da kuma bayan na'urar a yawancin samfura. Wajibi ne su zo ɗaya. Idan suka saɓa, to ko dai kwalin na wata ne, ko an canja murfin, ko an canja injin da ke ciki.

Kamfanin Apple na da shafin intanet inda ake shigar da wannan lamba a ga samfurin da ta dace da shi da kuma matsayin garantinsa. Lambar samfurin iPad ma tana ba da labari ta harafinta na farko: M na nufin an sayar da ita sabuwa, F na nufin kamfanin ya sabunta ta bayan an yi amfani da ita, N na nufin musanya ce aka bayar a madadin wadda ta lalace, P kuma na nufin an zana wa mai ita rubutu a bayanta.

Kwamfutar hannun da ke karɓar layin waya tana kuma da lambar IMEI mai alƙaluma 15, waɗanda takwas na farkonsu ke nuna kamfani da samfuri. Da wannan lamba ce Kenya ta katse jabun wayoyi daga layukan sadarwarta a shekara ta 2012, Tanzaniya ma ta yi hakan a 2016. Wadda ke aiki da Wi-Fi kaɗai ba ta da IMEI, saboda haka irin wannan mataki ba ya shafarta.

Duk da haka lamba rabin shaida ce, domin ana kwafarta. A watan Nuwamban 2019 masu gabatar da ƙara a San Diego ta Amurka sun tuhumi wasu gungun mutane da shigo da jabun iPhone da iPad fiye da 10,000 daga ƙasar Sin. Jabun na ɗauke da lambobin na'urori na gaske da ke da garanti, sai a kai su shagunan Apple a ce sun lalace, a karɓi na gaske a madadinsu. An ƙiyasta asarar kamfanin a kan dala miliyan 6.1. Idan har lambar aro za ta wuce ta hannun ma'aikatan kamfanin da kansu, ba abin mamaki ba ne ta ruɗi mai saye a bakin titi.

Manhajar da ke ciki

A nan ne jabun iPad ya fi saurin tonuwa. Apple ba ya bai wa wani kamfani izinin amfani da manhajarsa, wadda tun 2019 ake kira iPadOS. Don haka jabun na aiki ne da Android da aka yi wa kwalliya ta yi kama da ta Apple.

Idan aka taɓa alamar App Store sai Play Store na Google ya buɗe, ko aka nemi mutum ya shigar da adireshin Gmail, to magana ta ƙare. Haka nan idan aka kasa shiga asusun iCloud. Apple bai taɓa ƙera iPad mai gurbin katin memori ba, bai kuma taɓa sa mata ƙaramin bakin caji na micro-USB ba. Na farko-farko suna da faffaɗan bakin caji, daga 2012 aka koma Lightning, sannan daga 2018 aka fara komawa USB-C.

Jabun Samsung da na sauran kamfanonin da ke amfani da Android sun fi wuyar ganewa, tun da manhajar iri ɗaya ce. Abin dubawa na farko yana cikin Play Store, a ƙarƙashin bayanan manhajar, inda ake nuna ko Google ya tantance na'urar a tsarin Play Protect. Idan aka ga ba a tantance ta ba, alama ce babba, ko da yake wasu na'urori na gaske, kamar sababbin samfuran Huawei da na Amazon, dama ba sa zuwa da manhajojin Google. Na'urar Samsung ta gaske kuma za ta karɓi asusun Samsung, ta kuma buɗe manhajar Samsung Members da ke gwada sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaryar ma'ajiya

Nau'in jabun da ya fi yaɗuwa a shafukan cinikin intanet ba ya ma damuwa da satar suna sosai. Yana zuwa ne da suna mai kama da na sanannen samfuri, tare da alƙaluma masu ɗaukar hankali: ma'ajiya mai terabait ɗaya, RAM mai gigabait 16, kyamara mai megafiksel da yawa, duk a kan kuɗin da bai kai rubu'in na ta gaske ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bayanan da na'ura ke nunawa game da kanta rubutu ne kawai da aka ajiye a cikin manhajarta, kuma wanda ya harhaɗa ta zai iya rubuta abin da ya ga dama. Na'urar da ainihin ma'ajiyarta gigabait 16 ko 32 ce za ta iya cewa 512 ce, kuma za ta ci gaba da faɗin haka har ranar da ta cika. A ranar ne ko dai ta ƙi karɓar sabon abu, ko kuma hotuna da takardun da aka ajiye su lalace su ƙi buɗewa.

Akwai manhajojin bincike na kyauta, irin su CPU-Z da AIDA64 da Device Info HW, waɗanda ke karanto sunan injin da ke ciki da girman ma'ajiya. Sharaɗin shi ne mai saye ya sauko da su da kansa. Wadda ya tarar an riga an ɗora a kan na'urar ba abin dogaro ba ce, kuma wasu jabun an tsara su ne su yi wa sanannun manhajojin binciken ma ƙarya. Shi ya sa ya fi kyau a gwada biyu ko uku a kwatanta.

Wani wurin da ƙaryar ke fitowa shi ne lambar API, wato lambar da masu rubuta manhaja ke gane zubin Android da ita. Android 8.1 lambarsa 27, Android 10 lambarsa 29, Android 13 lambarsa 33, Android 14 kuma 34. Na'urar da ta ce tana da Android 14 amma manhajar bincike ta nuna 27, to tsohuwar manhaja ce ta shekara ta 2017 aka canja wa suna. Illar wannan ba ƙarama ba ce, domin wasu manhajojin banki da na karatu ba za su hau kanta ba, kuma ba ta samun gyaran tsaro.

Gwajin da ya fi kowanne tabbas shi ne na zahiri: a kwafo manyan fayilolin bidiyo a zuba mata har su haura gigabait 32 ko 64, sannan a buɗe na farko da na ƙarshe a ga ko suna aiki. Yana ɗaukar lokaci, kuma mai sayar da jabu ba zai so a yi shi ba.

Sauran gwaje-gwajen masu sauƙi ne. A ɗauki hoton fuskar na'urar a duba girmansa. Wadda aka ce tana da fuskar 4K sau da yawa sai a ga 1280 da 800. Idan akwai idanun kyamara uku ko huɗu a baya, a rufe su da yatsa ɗaya-ɗaya. A jabun galibi guda ɗaya ke aiki, sauran ado ne. A kunna bidiyo na minti goma sha biyar a ga yadda batir ke sauka da yadda bayanta ke ɗaukar zafi.

Ta gaske, amma a kulle

A kasuwar kayan hannu, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su, babbar matsalar ba jabu ba ce, kulle ne.

A shekara ta 2013 Apple ya ɓullo da tsarin Activation Lock, wanda ke ɗaure na'ura da asusun mai ita. Ko an goge komai da ke cikinta, ba za ta buɗe ba sai da kalmar sirrinsa. Google ya kawo makamancin wannan a Android 5.1 a shekara ta 2015. An yi hakan ne don a kashe kasuwar kayan sata, sai dai wanda ya sayi irin wannan na'ura cikin rashin sani shi ke kwana ciki. Apple ba ya cire kullen sai an kawo shaidar saye ta asali.

Masu gyara sun samo hanyoyin zagaye kullen a wasu tsofaffin samfura, musamman bayan da aka bayyana wata kafa a injinansu a shekara ta 2019. Na'urar da aka yi wa haka za ta yi aiki kamar lafiyayya a gaban mai saye, amma kullen na nan, kuma yakan dawo da zarar an goge ta ko an sabunta manhajarta.

Akwai kuma na'urorin makarantu da kamfanoni, waɗanda ake sarrafawa daga nesa, da waɗanda aka saya bashi ana biya kaɗan-kaɗan. Na ƙarshen nan kamfanin da ya ba da bashin na iya rufe su daga ofishinsa idan wanda ya karɓa ya daina biya, ko da sun riga sun canja hannu.

Maganin duka ɗaya ne. Mai sayarwa ya fita daga asusunsa a gaban mai saye, a goge na'urar baki ɗaya ta koma yadda ta fito daga masana'anta, a haɗa ta da intanet, sannan mai saye ya shigar da nasa asusun har ta buɗe. Idan a hanya ta nemi adireshin wani, ko ta nuna cewa wata hukuma ce ke kula da ita, ciniki bai faɗa ba. Alkawarin cewa za a turo kalmar sirrin daga baya ba shi da wani amfani.

Abin da ke ɓoye a ciki

Asarar kuɗin saye ba ita kaɗai ba ce. A shekara ta 2023 kamfanin tsaron intanet na Human Security ya ba da rahoto kan wata muguwar manhaja da aka sa wa suna Badbox, wadda ake dasawa a cikin na'urorin Android masu araha tun kafin su isa kasuwa. Na'urorin sun haɗa da akwatunan talabijin da kwamfutocin hannu.

A watan Disamban 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta ce ta katse hulɗar na'urori kimanin 30,000 da masu sarrafa su. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan sabon zubin manhajar, wata guda bayan haka kuma Google ya shigar da ƙara a New York yana cewa na'urori fiye da miliyan 10 ne abin ya shafa.

Irin wannan manhaja na danna tallace-tallace a ɓoye, tana cinye data, tana kuma bai wa wasu damar bi ta layin intanet na mai na'urar su aikata laifi da adireshinsa. Da yake a cikin ginin na'urar take, gogewa ba ta fitar da ita. Duk wanda ya riga ya mallaki na'urar da Google bai tantance ba, kuma bai san kamfanin da ya ƙera ta ba, ya fi masa alheri kada ya ɗora manhajar banki a kanta.

Dabarun masu sayarwa

Tsohuwar dabara ita ce musanya. A nuna wa mutum ta gaske, ya juya ta ya gwada, a yi ciniki, sannan a karɓa da sunan za a sa masa a kwali ko a leda. Abin da zai koma da shi gida daban ne. A shekara ta 2011 wata mata a jihar South Carolina ta Amurka ta biya dala 180 a wurin ajiye motoci, da ta isa gida ta tarar da katako da aka yi wa baƙin fenti aka manna masa tambarin Apple. Ƙa'idar a nan ita ce na'urar da aka gwada kada ta sake barin hannun mai saye.

A manyan kasuwannin waya na Najeriya, irin su Computer Village a Ikeja da Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, akwai bambanci tsakanin mai shago da wanda ke tare mutane a bakin hanya. Mai shago yana da lambar shago, yana ƙarƙashin ƙungiyar 'yan kasuwa da za a iya kai ƙara gabanta, gobe ma yana nan. Dillalin da ya ce a jira shi ya je ya ɗauko, ba lallai ne shagon da ya tsaya a gabansa ya san shi ba.

A intanet kuwa, a Facebook Marketplace da Instagram da Jiji da zaurukan WhatsApp, zambar da ta fi yawa ba ta ma buƙatar na'ura. Hoto ne da aka ɗauko daga wani shafi, da farashi mai sauƙi, da labarin da ke sa gaggawa: tafiya ta taso, ko ana neman kuɗin asibiti, ko wani ya riga ya taya. Sai a nemi kafin alƙalami ko kuɗin mota, daga nan layi ya daina shiga. Shi kansa shafin Jiji yana gargaɗin masu saye da kada su biya kafin su ga kaya.

Idan mai sayarwa yana wani gari, ana iya neman ya nuna na'urar ta kiran bidiyo, ya buɗe lambar shaidarta ana kallo. Wannan zai nuna cewa na'urar na hannunsa, amma ba zai tabbatar da cewa ita zai aiko ba. Ya fi dacewa a wakilta wani amintacce a garin ya je ya gwada ya karɓa. Idan sunan da ke kan asusun banki ya saɓa da sunan mai sayarwa, wannan ma dalili ne na dakatawa.

Wurin haɗuwa ya kasance cikin jama'a, da rana, inda akwai wuta da intanet. A Amurka ofisoshin 'yan sanda da dama sun keɓe wuri a harabarsu domin irin wannan ciniki. Gwajin gaba ɗaya bai wuce rabin sa'a ba, in ban da na ma'ajiya, kuma mai kayan kirki ba ya ƙin jira.

Idan an riga an faɗa

Sayen kayan sata da sani laifi ne a dokokin Najeriya, a kudu da arewa, kuma ko wanda ya saya cikin rashin sani yakan sha tambayoyi idan aka bi sawun na'urar aka same ta a hannunsa. Abin da zai kare shi shi ne takarda mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da lambar wayarsa, da lambar shaidar na'urar, da kwanan wata, da sa hannu. Biya ta banki ma ya fi tsabar kuɗi barin sawu.

Wanda aka damfara ta hanyar tura kuɗi, matakin farko shi ne ya sanar da bankinsa nan take, domin damar tsayar da kuɗin na raguwa da zarar an kwashe su zuwa wani asusun. Daga nan sai 'yan sanda ko hukumar EFCC, tare da hotunan hirar da aka yi da shaidar biya.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na karɓar koke kan 'yan kasuwar da suka sayar da kayan da ba su dace da abin da aka tallata ba, hukumar sadarwa ta NCC kuma ita ke tantance samfuran na'urorin sadarwa da aka yarda a sayar a ƙasar. Hukumomin biyu sun fi iya yin wani abu idan akwai shago ko kamfani mai adireshi da za a aika wa takarda.